Bakwai a Rajistar Rahoto

Salamu alaikum, mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in riƙe Tawfiq hannu bibbiyu don irinsa sun ƙare a Accra. 'Yar uwa, na gode, amma gyara zama ki karanta na yau tukuna. Ina rubutun nan idona a kumbure, raina a ɓace, in kun ga kuskure ku yi mini afuwa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Najat, haifaffiyar Maamobi. Ina aiki a shagon Oga Ganiyu a Accra New Town, inda muke cire injin fetur daga aboboya, keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, mu sa masa batir. Walda da ƙarfe na Oga ne. Lantarki kuwa nawa ne ni da Tawfiq. Tare muka koyi sana'ar, teburi ɗaya muke zama, kan ka ce me soyayya ta shigo ko sallama babu.

Kowace aboboya allon lantarki biyu muke sa mata. Nawa yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujera, yana gadin batir. Na Tawfiq yana gaban direba, shi ne mai jar fitila da ƙararrawa. Wasu siraran wayoyi biyu murɗaɗɗu suka haɗa su. In batir ya ɗau zafi, allona ya aika saƙo, allonsa ya amsa ya ce na ji, ya kunna fitila, ya yi ƙara, direba ya tsaya ya sauka. Iyakar aikin ke nan.

To, wanda na fara lallaɓa ya kawo aboboyarsa aka juya ta zuwa batir, wana ne, Yaya Fuseini, mai kai piya wata, ruwan leda ke nan, shaguna. Ni na zauna masa a wuya. Ni na ce masa ya huta da layin gidan mai. Ranar wata Talata yana tsakiyar cunkoson Kawukudi batirin ya kama da wuta a ƙarƙashinsa. Allah ya sa da sauran kwana, masu trotro, motocin hayanmu na nan, suka janye shi, amma ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ta ƙone. Da na je asibiti bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Najat, ba fitila, ba ƙara. Zafi kawai na ji."

Tun daga ranar gidanmu ya zama mini baƙon wuri. Mma za ta zuba mini tuwo ta turo kwanon ba ta ɗago kai ba. Matar Yaya, Anti Shetu, da 'ya'yanta suka doshi ɗakina sai ta daka musu tsawa, "Ku fito, kada ku taɓa wayoyinta!" A bakin famfo matan gidan haya suna ganina sai hira ta mutu. Baba kuwa ya kira ni bayan sallar asuba, yana zaune kan buzunsa da carbi, ya ce, "Na bar ki kin yi abin da kike so, ga inda ya kai mu. Shagon nan kin bar shi ke nan." Me zan ce? Ni kaina na yarda ni ce na ƙona ɗan uwana.

Allon Tawfiq ya ƙone ƙurmus, ba abin dubawa a cikinsa. Kowa dai batir ya sani, kowa kuma ya san batir na Najat ne.

A wannan halin Tawfiq ya zama mini inuwa. Da safe in na buɗe waya, ga saƙonsa: "Gimbiya, kin ci abinci?" Da rana: "Kada ki sa damuwa, ƙaddara ce." Yana kai wa Yaya koko da ƙosai asibiti, yana zama ya yi masa fifita. Rannan ya zo gida cikin farar jallabiya, ya durƙusa gaban Baba, ya ce shi abin da ya faru bai rage masa komai ba, manyansa za su kawo goron neman aurena ranar Juma'a. Mma har da hawaye. Ta ce mini, "Kin gani? Da wani ne da ya gudu." Ni ma na yi kuka, na ce Allah ka ba ni ikon saka wa yaron nan.

Ranar Laraba da hantsi ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Oga Ganiyu ne. Shi a Hausarsa kowa namiji ne.

"Najat, ka zo shago yanzu-yanzu."

"Oga, Baba ya hana ni."

"Ka ce za ka kasuwan Nima. Akwatinka yana da rai."

Kwano ya suɓuce daga hannuna. Na zura hijabi a kan zanen gida, da silifas ɗin banɗaki a ƙafata, na tari trotro.

Ashe sai ranar aka sako masa ragowar aboboyar daga inda aka ajiye ta. Yana yanke ƙarfe ya ga akwatina, baƙi ƙirin da hayaƙi, amma ta ɗan ramin gefe koriyar fitila tana kyaftawa. Ɗan ƙaramin batirin da na sa a ciki don ko-ta-kwana bai mutu ba. Oga ya jona masa caja, ya sa shi cikin kabad ya kulle.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don in ba ku gane nan ba, ba za ku gane abin da aka yi mini ba. A kan allon akwai 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta kai farcen babban yatsa ba. A cikinta akwai sashen da ke kula da aika saƙo, shi kuma yana da abin da muke kira rajista, wato jerin ƙananan gidaje, kowane gida ko dai ɗaya ne a ciki ko sifili. Biyu ne suka dame mu. Ta farko rajistar umarni. In ina son saƙo ya tafi, sai in sa ɗaya a gidan aikawa, in ya tafi gidan ya koma sifili da kansa. Matsalarta, in ka tarar da sifili ba ka sani ba, tafiya saƙon ya yi, ko tun farko ba a ce ya tafi ba. Ta biyu rajistar rahoto, ita ce mai faɗin gaskiya. A cikinta akwai gidan da ke cewa saƙo ya fita kuma an amsa a can. In ɗaya ne, allona ya yi aikinsa, allon Tawfiq ya ji ya yi shiru. In sifili ne, ni ce.

Na kuma tsara tun farko cewa in zafi ya wuce kima, ƙwaƙwalwar ta aika saƙonta ta tsaya cak, kada ta sake taɓa komai. Wato abin da ya faru a Kawukudi yana nan kwance a ciki.

Sai dai rajistar rahoto tana da wani hali. Sau ɗaya ake karanta ta. Da ka buɗe ka gani, ta share kanta. Haka masu ƙera ta suka yi ta, don kada a ɗauki tsohon labari a matsayin sabo.

Na ɗauko kebul zan jona, sai na fasa. In na karanta ni kaɗai, wa zai yarda da ni? Na ce wa Oga, "Gobe bayan la'asar. A gaban Baba."

Ya ce, "Ka yi tunani mai kyau. In ya nuna kai ne fa?"

"In ni ce, in sani. Na gaji da kwana ban sani ba."

Ina fitowa bakin titi, wa kuke tsammani na fara gaya wa? Ai kun sani. Na tsaya gefen mai gasa ayaba na danna wayata na yi masa saƙon murya, baki har kunne kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na ce, "Tawfiq, akwatin yana da rai! Yana kabad ɗin Oga. Gobe zan karanta rajistar a gaban Baba. Don Allah kada kowa ya taɓa, ka san da an karanta ta goge."

Alamar ya saurara ta fito nan take. Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Har na shiga trotro na kai Nima kafin amsa ta shigo.

"Gimbiya, ki bar abin nan. An riga an wuce wurin."

"Ni ban wuce ba."

"In ya nuna ke ce, a gaban Baba, zuciyarki ba za ta ɗauka ba. Ina tausaya miki ne."

"In kuma ba ni ba ce fa?"

Can sai ya turo hoton zuciya, da "Allah ya kai mu."

Ku yi mini dariya in kuna so. Wallahi ko a mafarki ban kawo komai a raina ba. Cewa na yi, ji yadda yake jin tsoro saboda ni.

Shawo kan Baba ya fi komai wuya. Sai da na durƙusa na kama ƙafarsa na ce, "Baba, sau ɗaya tak. In ni ce, ba za ka sake jin na ambaci waya ba har in mutu." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ba don ke ba, don Fuseini. Ya kamata ya san abin da ya ci ƙafarsa."

Yau Alhamis na yi wanka da wuri. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda Tawfiq yake cewa tana yi mini kyau, na yafa farin mayafi, har kwalli na sa, abin da na manta rabona da shi. Mma ta bi ni da ido ta ce, "Biki za ki?" Na ce, "Addu'a za ki yi mini, Mma." Sai na ga leɓenta yana motsi.

Na riga su isa shago. Na share teburi, na goge kujerar Oga don Baba, na kunna laftof. Da aka idar da la'asar sai ga su daga masallacin bayan layi, Baba a gaba, Oga na biye, Tawfiq a baya riƙe da ledar lemo mai sanyi, ƙamshin turarensa ya cika shagon. Ya yi mini murmushi ya ce a hankali, "Kin yi kyau."

Oga ya buɗe kabad ya ɗauko akwatin kamar mai ɗaukar jariri. Koriyar fitila tana nan tana kyaftawa. Na kwance murfin, na jona kebul, na yi bisimilla. Na fara duba ƙwaƙwalwar, tana tsaye daidai inda na ce ta tsaya, wato wuta ba ta taɓa yanke mata ba. Na buɗe rajistar umarni. Gidan aikawa sifili.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

"Wannan ba ta raba gardama, Baba. Ta gaba ce."

Na juya laftof ɗin yadda kowa zai gani. Na nuna wa Baba da yatsa. "Nan za ka kalla. In ɗaya ya fito, saƙona ya isa. In sifili, bai isa ba." Na rufe ido, na danna, na buɗe.

Sifili.

Jama'a, ni ce ke nan. Kunnuwana suka toshe. Baba ya sauke numfashi ya dafa gwiwa zai tashi. Tawfiq ya matso ya tsuguna kusa da shi, murya a sanyaye, "Baba, a yi mata haƙuri. Kuskure ne, kowa yana yi. Ni dai ina nan a kan maganata, gobe manyana suna tafe."

Hawaye ya cika mini ido, har lambobin suna rawa. Na sa bakin mayafi na share, don in rufe laftof ɗin in bi Baba gida. A nan ne idona ya sauka a ƙarshen layin.

A ƙarshen rajistar rahoto akwai gidaje uku da ke haɗuwa su ba da lamba, mai faɗin yadda saƙon ƙarshe ya ƙare. Sifili, lafiya lau. Uku, an aika ba a amsa ba. Abin da na gani bakwai ne. Bakwai kuwa ba ta da ma'ana sai ɗaya: ba abin da ya faru tun karantawar da aka yi ta ƙarshe. Rajistar ce da kanta take rubuta ta bayan ta share kanta. Na duba gidan da ke kusa, mai cewa an karɓi saƙo daga waje. Shi ma sifili. Alhali allon Tawfiq ba ya minti bai aiko da gaisuwar ina nan ba, haka zai yi ta yi har wuta ta cinye shi. Ko ni ce mai laifi, dole a ga sawun wannan. Rajistar nan wankakkiya ce tas.

Na ce, "Baba, zauna."

Yadda muryata ta fita ne ya sa ya zauna.

"An riga ni karantawa."

Oga ya ce, "Kamar yaya?"

"Wani ya jona kebul ya buɗe ta kafin ni. Wannan sifilin ba na ranar gobara ba ne. Na wanda ya share ne." Na juya. "Oga, makullin kabad nawa ne?"

"Uku. Nawa, naka, na Tawfiq." Ya cire hularsa ya sosa kai. "Ni ban iya laftof ba, kowa ya sani. Da safe na je Kokomlemle sayen ƙarfe. Tawfiq na bari a shago."

A waje wani mai trotro yana ta kiran fasinja, Circle, Circle. Na kalli Tawfiq, mutumin da na yi wa kwalliya yau, na ga gumi yana tsattsafo masa a saman leɓe.

Ya yi 'yar dariya. "Haba Najat. Wataƙila caja ce ta motsa."

"Da ta motsa da ƙwaƙwalwar ta farka daga farko. Tana nan inda na bar ta. Kai ma ka sani, teburi ɗaya muka koya."

"Cale, kina cikin ɓacin rai ne, shi ya sa..."

"Kada ka ce mini cale, ni ba abokinka na titi ba ce. Ka buɗe ko ba ka buɗe ba?"

Ya kalli Baba, ya kalli Oga, ya sunkuyar da kai. "Na duba. Amma don ke na yi. Na so in sani kafin ki kunyata a gaban Baba, in na ga abin ba daɗi in hana ki."

"Ka kuwa hana ni? Ka shigo da lemo kana ce mini na yi kyau."

Ya kau da kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni da bakina na gaya masa inda akwatin yake, ni na tuna masa da an karanta ta goge. Tun ranar gobarar nake kwana da ƙafar Yaya a zuciyata. Uwata ta daina kallona. Shi kuwa yana turo mini hoton zuciya, yana karɓar albarkar iyayena a kan ya rufa wa mai laifi asiri. Na so shi, wallahi na so shi, da ya zo ya ce Najat ina tsoron allona ne, da na riƙe hannunsa mun shiga gaban Baba tare. Amma ya zaɓi ya tsuguna yana roƙa mini gafara. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta yau ba.

Kuma abin da ke cikin rajistar ya tafi, ba mai dawo da shi. Duk duniya mutum ɗaya ne ya ga abin da ta rubuta.

Na ce, "Me ka gani?"

"Sifili."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya ɗago, idonsa ya tsaya a goshina. "Sifili na gani, Najat."

A saman kabad, inda Oga yake ajiye dardumarsa, akwai Alƙur'ani a naɗe cikin koren ƙyalle. Ban san lokacin da na ce, "Oga, sauko mana da shi," ba. Oga ya kalli Baba. Baba ya gyaɗa kai. Oga ya sauko da shi da hannu biyu ya ɗora a kan teburi, ya ture kebul da laftof gefe.

Na ce, "Dafa. Ka ce sifili ka gani a gidan nan. In ka rantse na yarda ni ce, gobe a kawo goro, ba za ka sake jin bakina ba."

Tawfiq ya miƙo hannu. Ya kai rabi ya tsaya. Ya janye hannun ya sa a aljihun jallabiya.

"Ba ni da alwala."

Baba ya kalle shi. Bai ɗaga murya ba, shi da ma ba ya ɗagawa.

"Yanzun nan muka idar da la'asar, kafaɗarka tana gogar tawa." Ya nuna bakin ƙofa da carbinsa. "Amma ba komai. Ga buta can, da ruwa a ciki. Je ka yi, muna jiranka."

Tawfiq ya juya ya kalli butar. Muka yi ta jira, ni da Baba da Oga. Bai taka ko ƙafa ɗaya ba.